Inda Faifan Ya Karce

A gidanmu ba a cika kirana da sunana ba. Rediyo ake ce mini. Umma ce ta raɗa mini shi, Yaya kuma takan ƙara masa "mai jini" duk ranar da na tona mata asiri. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ce. Idan na buɗe baki da safe sai barci ne yake rufe shi, shi ma ba kullum ba, don Yaya ta rantse har cikin barci ina ba da labari.

Ina da shekara 16, a 2008, Yaya ta dawo gida da wani fim ɗin Indiya a jakarta. Faifan VCD ne guda biyu a leda ɗaya, saboda irin wannan faifan ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, fim ɗin kuwa ya haura awa biyu. A jikin takardar akwai hoton Shahid Kapoor da Kareena Kapoor. Sunansa Jab We Met, rabi Hindi rabi Turanci, wato lokacin da muka haɗu. Bai daɗe da fitowa ba, a watan Oktoba na 2007 aka sake shi. Ba mu yi nisa da kallo ba Yaya ta nuna talabijin da yatsa, ta ce, "Rediyo, ga 'yar'uwarki can."

Ga wanda bai taɓa gani ba, haka yake farawa. Aditya ɗan masu kuɗi ne a Mumbai, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta bi wani, kamfanin da aka bar masa yana neman durƙushewa, budurwarsa kuma ta auri wani. Ya fita daga wajen bikin, ya yar da mota da waya, ya faɗa jirgin ƙasan da bai ma san inda za shi ba. A nan Geet ta same shi zaune a kujerarta. Yarinya ce 'yar Punjab mai komawa gida Bhatinda, kuma tun da ta zauna bakinta bai huta ba. Ta yi ta zuba, shi ko uffan bai ce ba, har ta ɗauka kurma ne. Kafin gari ya waye ta riga ta gaya wa mutumin da ba ta taɓa gani ba cewa guduwa za ta yi daga gida, ta je Manali ta auri saurayinta Anshuman.

Daga nan abin dariya ya yi ta bin abin dariya. Ya sauka a wata ƙaramar tasha, ta bi shi don ta dawo da shi, jirgi ya tafi ya bar su, ita da take alfaharin jirgi bai taɓa barinta ba. Suka yi tseren mota suka cim masa a Ratlam, ta tsaya cacar baki da mai sayar da ruwa, jirgin ya sake tafiya. Ga shugaban tasha yana yi mata wa'azi, ga otal ɗin nan mai suna Decent wanda babu abin kirki a cikinsa sai sunan. A can ne ta sa Aditya ya ƙona hoton budurwarsa ya kora tokar a bayan gida. Wannan faifan na farko na kalle shi ya fi sau talatin. Na haddace yadda take juya ido, yadda take ɗaga hanci, da wurin nan da take cewa ita ce gwanar kanta. Wallahi a lokacin na ɗauka saboda ni aka yi fim ɗin.

Abu ɗaya ne: ba ma jin Hindi, faifan kuma babu fassara a ƙasa. Yaya ce tafintarmu. Takan gyara zama ta ce, "Ya ce wallahi idan ba ki rufe mini baki ba zan jefa ki ta taga." Mu yi ta dariya, mun yarda ɗari bisa ɗari. Wa zai yi musu da Yaya, wadda ta san ma'anar kalmomi har kusan goma?

Faifai na biyu shi ne mai matsala. Yana farawa lafiya: bayan ya raka Geet gida Bhatinda sun gudo tare, Aditya ya kai ta Manali, ya koma Mumbai ya zama wani mutum daban, ya tayar da kamfaninsa, ya shirya da mahaifiyarsa, har ya sa wa wani sabon kayan kamfanin sunan Geet. Bayan wata tara danginta suka ga tallan, suka zo suka ci kwalarsa, sai a lokacin ya san ba ta koma gida ba, ba ta kuma taɓa kira ba. Ya yi alkawarin dawo da ita cikin kwana goma. Ya isa Manali, ya sami Anshuman, Anshuman ya buɗe baki zai yi magana, shi ke nan. Fuskar sai ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai, murya ta riƙa ƙiƙ-ƙiƙ, hoto ya daskare. Wani dogon karce ne a bayan faifan, kamar an ja shi da ƙusa.

Babu dabarar da ba mu yi ba. Mun hura masa iska, mun goge da gefen zane, mun wanke da sabulu. Wani ƙaninmu ya ce man goge baki yana cike karce, muka shafa, muka bar shi ya bushe, muka goge da auduga daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda ya ce. Faifan ya yi ƙamshi, amma bai gyaru ba. Sai muka saba da danna maɓallin gaba. Idan aka danna aka danna, inda yake kamawa shi ne wurin da Geet take riƙe da waya tana surfa wa Anshuman zagi, Aditya yana gefe yana zuga ta. Nan ne Yaya take baje kolin fassararta, mu kuwa har da faɗuwa ƙasa. Na tambaye ta sau ɗaya me ya faru a wurin da muke tsallakewa. Ta ce, "Waƙa ce kawai, irin mai sa barci ɗin nan." Ban sake tambaya ba. Mashin ɗin ya lalace daga baya, faifan ya ɓace a wani ƙaura da muka yi, na manta da fim ɗin shekara goma sha huɗu.

Abin da ya faru a tsakani ba zan ja shi ba. Na gama karatu, na sami aiki, na haɗu da wani mutum. Shekara uku muna tare. Mutum ne mai shiru, ni kuma ga ni yadda kuka ji, sai na ga ai mun dace, kowa ya sami abin da ya rasa. Na tsara komai: irin gidan da za mu zauna, launin labule, sunayen 'ya'ya har uku. Ina faɗa yana murmushi. Wata rana da yamma, a cikin motarsa, injin ma bai kashe ba, ya ce, "Ni fa ban taɓa ce miki zan aure ki ba." Na buɗe baki in kawo masa rana da wurin da ya faɗa, na laluba shekara ukun nan kaf, ban samu ba. Bayan wata biyar ya yi aure.

Ba kuka ne ya fi damuna ba, kunya ce. Babu wanda ban gaya wa ba, daga Umma har maƙwabta har mai gyaran waya. Na kasa haɗa ido da kowa. Na nemi a mayar da ni wani reshe na wurin aikinmu mai nisa, na ce wa gida ƙarin girma ne. Na kama ɗaki ɗaya. Idan Umma ta kira sai in ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, zan kira anjima. Anjimar nan ta kai shekara ɗaya da rabi. Ban yanke shawarar daina magana ba, kawai idan na zo faɗar abu sai in ji wa ma zai amfana da shi, sai in haɗiye. Ranar da na san abin ya yi nisa ita ce ranar da wata abokiyar aikina take gabatar da ni ga baƙo, ta ce, "Wannan ba ruwanta, ba ta da magana ko kaɗan." Na tsaya ina duba ko da wata take.

A 2022, wata ranar Juma'a da dare, na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Yaya ce, da ƙaramar jaka da kwamfutarta a hannu, ta baro 'ya'yanta wajen mijinta, ba ta ko sanar da ni ba. Ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ƙare mini kallo, ba ta ce na rame ba, ba ta tambayi komai ba. Sai ta ce, "Matsa mini. Kin san abin da na gani a intanet?" Ta ɗora kwamfutar a kan filo, muka jingina da bango.

Wannan karon akwai fassara a ƙasa, kuma nan asirin Yaya ya tonu. Babu inda Aditya ya ce zai jefa kowa ta taga. Rabin abin da na haddace tun ina 16 ba daga bakin Imtiaz Ali ya fito ba, wanda shi ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, daga kan Yaya ya fito. Na juya na kalle ta. Ta ce, "To ai tawa ta fi daɗi." A wasu wuraren gaskiyarta ne. A wasu kuma ta cuce mu, don ba mu taɓa sanin cewa a tsakiyar wannan daren na Ratlam Geet tana roƙon Ubangijinta ne ya taimaka ya sa daren ya zama mara armashi, abin ya isa haka. Na yi dariya, na ji muryata ta fito wata iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Har muka zo wurin. Anshuman ya buɗe baki, jikina da kansa ya shirya wa ƙiƙ-ƙiƙ ɗin nan, har yatsana ya motsa yana neman maɓalli. Hoton bai daskare ba. Anshuman ya ci gaba da magana.

Abin da ya faɗa shi ne bai karɓe ta ba. Ta baro gida, ta baro kowa, ta iso da murnarta, shi kuwa ya nuna mata ba haka yake kallon abin ba, ita ce ta yi ta gini ita kaɗai. Ba ta iya komawa Bhatinda ba. Ta tafi Shimla, ta kama koyarwa a wata makaranta, tana kwana a masaukin mata, wata tara. Sai ga ta a allo. Kayan nan masu launi babu su, fuska babu kwalliya, tafiya a hankali, ido a ƙasa. Aditya yana yi mata magana tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Waƙar da Yaya ta ce mai sa barci ce, Aaoge Jab Tum, ita ce take tafiya a ƙarƙashin wannan zaman nata, da muryar Ustad Rashid Khan, mawaƙin gargajiyar Indiya wanda ya rasu a watan Janairu na 2024. Ban san lokacin da na jawo filon na rungume ba, kwamfutar ta karkace, Yaya ta tare ta da ƙafa.

Kun ga, shekara da shekaru ina cewa ni ce Geet, ashe rabin Geet na sani. Yarinyar da take zagi a waya, wadda muke faɗuwa ƙasa saboda ita, ba cikin nishaɗi take yi ba. Wata tara ta yi da maganar nan a maƙoshi. Mun yi ta dariyar maganin ba mu taɓa ganin ciwon ba. Na kuma gane dalilin da ya sa Kareena Kapoor ta karɓi kambun Filmfare na gwarzuwar jaruma da wannan fim. Da na ɗauka saboda surutun ne. Surutu kowa zai iya, ni shaida ce. Shirun Shimla ne aikin, yadda za ka kalli fuskar ka ga inda dariyar take a da.

Yaya ta tsayar da fim ɗin. Ta ce, "Na san abin da ke wurin tun a lokacin. A gidan ƙawata na fara kallonsa, nata faifan lafiyarsa ƙalau." Na ce, "Shi ne kika ce waƙa ce?" Ta ce, "Shekararki 16, me za ki yi da shi? Yanzu ne kike bukatarsa."

Akwai abubuwan da na gani a kallon nan da ba su yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na so in tsani Anshuman yadda na tsane shi ina yarinya, abin ya ƙi. Matsoraci ne, ya ga yarinya tana gina gida a kansa ya yi shiru saboda yana jin daɗin a so shi, wannan laifi ne babba. Amma ita ma ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba. Mai yawan magana yakan ɗauki shirun mutane a matsayin amincewa, na san wannan daga ciki. Sannan akwai dangin. Ina 16, guduwarta daga gida burgewa ce a wajena, ana waƙa ana hawa duwatsu masu ƙanƙara. Yanzu idona a kan mahaifiyarta yake, da kakan nan, Dara Singh, tsohon ɗan kokawa wanda ya rasu a 2012, da gidan da ya cika da mutane amma wata tara babu wanda ya san ko tana raye. Fim ɗin ya yafe mata wannan da sauri, da ta dawo aka rungume ta aka hau shagali. Ni ban iya yafe wa kaina da wannan saurin ba, don na tuna sau nawa na ga sunan Umma a waya na kifa ta.

Wani abin kuma shi ne, a duniyar gaske ba a cika samun attajiri mai kyan fuska ya ajiye kamfaninsa ya hau duwatsu neman wadda ta yi shiru ba. Wanda yake zuwa yawanci mai guntun tsaki ne da ciwon baya, wadda ta baro yara uku ta kwana a hanya, kuma ba za ta taɓa yarda cewa saboda ke ta zo ba.

Duk da haka ba na cikin masu raina irin waɗannan finafinan. Ana cewa ai tun daga hoton takarda an san ƙarshe, jarumi zai sami jaruma, me za a tsaya kallo? Ni a daren nan sanin ƙarshen ne ya ba ni ƙarfin kallon tsakiyar. Da fim ne mai nauyi, irin wanda ba ka san ko za a mutu ba, da na ce Yaya ta kashe. Amma na san akwai gonar rake a gaba, na san akwai ƙarar jirgi da gudu da rawa, sai na iya zama na kalli mace irina a ɗakinta na haya ba tare da na kau da kai ba. Imtiaz Ali ya yi wata dabara da sai yanzu na lura da ita: a rabin farko shi ne shiru ita ce magana, a rabi na biyu sun yi musaya, duk abin da ta koya masa a hanyar Bhatinda shi ya dawo mata da shi a Shimla, har da dabarar huce haushi. Bai kawo mata wani sabon abu ba. Kayanta ne da ta ba shi ajiya.

Da aka zo wurin zagin, Yaya ta sake tsayarwa. Ta ɗauki wayata, ta kashe ta gaba ɗaya har allon ya yi baƙi, ta miƙo mini. Ta ce, "Ga shi nan a layi." Na ce, "Haba Yaya, ni yarinya ce?" Ta ce, "Yana jira." Na kara wayar a kunne, ina jin kaina kamar wata sakarai. Na ce, "Gaskiya ba ka kyauta ba." Yaya ta dafe kai ta ce, "Wannan ne zagin? Ke da kika taɓa sa mai gyaran waya ya ba mu haƙuri?" Na sake gwadawa. Na ce masa matsoraci. Kalmar ta zauna daidai, sai na maimaita. Daga nan ban san adadin abin da ya fito ba. Na faɗi maganar labule, na faɗi sunayen 'ya'yan nan uku da ya bari na zaɓa yana murmushi, na faɗi injin motar da ko kashewa bai yi ba, kamar wanda ya tsaya sauke fasinja. Har maƙwabcina ya buga bango. Da na gama, wayar ta jiƙe, muryata ta dishe, Yaya kuma tana share ido da gefen mayafi tana cewa wai hasken kwamfuta ne.

Ba zan ce na warke a daren ba. Na ƙara wata bakwai a garin kafin na nemi komawa kusa da gida, kuma har yau akwai ranakun da nake haɗiye magana. Amma da safe na kira Umma, muka yi minti arba'in. Da za mu yi sallama ta ce, "Ba Yayarki." Ina jin muryarta ta cikin wayar tana tambaya, "Me kika ba ta?"

A daren dai mun ƙarasa fim ɗin. Sun koma Bhatinda su uku, har da Anshuman da ya dawo yana neman ta, dangi sun ɗauka Aditya ne mijin, Anshuman yana ta neman wanda zai saurare shi babu. Na ce wa Yaya ta lura da yadda Geet take kallon Aditya tun daga bakin ƙofa. Na ce mata ai wannan mafarkin da take yi na jirgi yana barinta, tun farkon fim aka dasa shi. Na ce mata an sake yin fim ɗin da harshen Tamil a 2009, ya kamata mu nemo mu ga ko sun iya. Na fara ba ta labarin abokiyar aikin nan tawa da baƙon da ta gabatar da ni gare shi, na shiga na mai gidan haya, na dawo kan rigar da Kareena ta sa a Ratlam. Yaya ta ja dogon tsaki, ta ƙara sautin kwamfutar har ƙarshe.

Ta ce, "Don girman Allah, Rediyo, ki yi mini shiru in ji abin da suke cewa."

Na ce, "Ai ba Hindi kike ji ba."